Tafintar da Baba Ba Ya Iya Yi wa Magana

A filin jirgin Addis Ababa na fara gane cewa 'yan gidanmu sun tafka kuskure da suka zaɓe ni in raka Baba Indiya. Muna jiran jirgi na biyu, na sayo masa shayi, na durƙusa na ajiye a gabansa. Bai taɓa kofin ba sai da na koma can gefe na juya masa baya. Haka muke da shi tun ina ƙarama. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu na Limawa kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni aka kai ni Girei wurin Goggo, ita ta raine ni. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cin abinci ina kallo ba. In yana da saƙo sai ya dubi bango ya ce a gaya wa Addan yara kaza da kaza, ko da kuwa daga ni sai shi a ɗakin.

To ga wadda aka naɗa tafinta tsakaninsa da likita. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Jimeta, fasfona a hannu, ƙanena Hammadu kuwa nasa bai fito ba. Da aka zauna shawara kowa ya ce ai Adda ce ta iya bakinsu, maigidana ma ya ce ya yarje mini. Babu wanda ya tsaya ya tambaya ko mai Turancin nan za a iya gaya mata inda ke ciwo. Ni kaina daɗi na ji, na ce yau dai Baba zai san ya haifi 'ya.

Ciwon nasa tsoho ne. Shekaru da yawa baya aka gano babbar jijiyar jini da ke saukowa daga zuciya zuwa ciki ta kumbura, kuma in ta fashe sai dai salati. Bappa, ƙanensa, ya raka shi Masar. Can ba su tsaga ciki ba, ta matsematsi suka zura wani bututu na ƙyalle da ragar waya, suka buɗe shi a cikin jijiyar don jini ya riƙa bi ta nan. Ya dawo da ƙafarsa, ya koma shagonsa na shadda da yadi, kowa na ta mamakin aikin. An ce ya riƙa yin sikanin duk shekara har ƙarshen ransa, ya kuwa fara. Sai ga fitinar nan ta kora mutanen Mubi da kewaye zuwa Yola. Gidanmu ya cika har zaure da dangi da waɗanda ma ba mu san su ba, Baba ya ce ba zai je a ɗauki hoton cikinsa ba alhali akwai cikin da bai samu tuwo ba a gidansa. Baƙin suka koma, sikanin bai dawo ba. Bappa, wanda shi kaɗai ke iya takura masa, ya rasu. Sai bara da Hammadu ya ja shi asibiti saboda hawan jini likita ya ga kumburin ya ƙaru, ya ce jini na yoyo ta gefen bututun, gyaran kuma ya fi ƙarfin kayan aikinsu.

Mun sauka Delhi da hantsi. Wani ɗan ƙasarmu mai suna Bala, wanda aka haɗa mu da shi ta waya, ya tarbe mu da fara'a har da durƙusa wa Baba. Ya ce shi ne uwa da uban duk ɗan Arewa da ya zo magani. Masaukin da ya kama mana yana hawa na huɗu, babu lif. Na ce masa mai ciwon jijiya ne fa, ya ce ai motsa jiki magani ne. Baba ya hau a hankali yana dafa bango, ni ina biye da jakunkuna ina zagin Bala a zuci da duk zagin da na sani na Hausa da Fulatanci.

Kashegari ya kai mu wani asibiti mai ƙyalli, ƙasan kamar a ci tuwo a kai. Aka ɗebi jini, aka duba ido, aka duba haƙori. Haƙori fa! Kwana da kwanaki ana juya mu daga wannan ɗaki zuwa wancan, duk lokacin da na tambayi likitan jijiya sai a ce gobe. Daga baya wata nas ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa su ba sa irin wannan aikin sam, Bala dai yana da lada a kan kowane gwaji. Na tare shi a bakin ƙofa na wanke shi tas, har masu gadi suka taru suna kallo. Daga ranar wayarsa ta daina shiga. Da na koma na ba Baba labari, sai ya dubi taga ya ce a riƙa yin munyal a ƙasar mutane, wato haƙuri. Na ce to, amma ban yi nadama ba.

Kewar gida a lokacin ta kama ni sosai. Abincinsu yaji ne a kan yaji, amma ba irin namu ba. Ina kwana ina mafarkin kifin Binuwai da nonon da matan Girei ke kawowa da safe. Dada, mahaifiyarmu, takan kira ta tambaya ko Baba yana ci, in ce yana ci, alhali ban sani ba, tunda sai na fita yake buɗe kwano. Na lura ya fara salla a zaune. Na yi ƙarfin hali na tambaya daga bakin ƙofa, ya ce a gaya wa mai tambaya gwiwa ce, benen nan ne. Na yarda.

A madafar masaukin Allah ya haɗa ni da Hajiya Memuna. Ina fama da wata shinkafa mai ƙamshin turare sai na ji an ce, "Wannan yarinya, ka sa ruwa da yawa." Na juya na ga tsohuwa da zanen atamfa. Hausawan zangon Kumasi ne, ita da mijinta Malam Issaka, tsohon direban manyan motoci, sun zo a wanke mata ƙoda. Hausarsu ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "ka" ne, na ce ashe ba mu mutanen Yola kaɗai ake yi wa dariya ba. Ta koya mini inda ake samun kuɓewa da garin da ake tuƙa shi ya yi kamar tuwo. Malam Issaka kuwa tun ranar farko suka ƙulle da Baba, sa'o'in juna ne, har nakan jiyo dariyar Baba ta bango, abin da ban san yana da shi ba. Shi ya ce akwai likitan jijiya a asibitin da ake ganin matarsa, ya kuma raka mu da kansa a keke mai ƙafa uku.

Likitan dogo ne, da gemu har ƙirji da rawani shuɗi an naɗa shi tsaf. Ba Musulmi ba ne, mutanensu haka suke naɗi, amma Baba yana ganinsa ya gyara zama ya ce Modibbo, wato babban malami da Fulatanci, kuma Modibbo ya tabbata har muka bar ƙasar. Na ga likitoci a rayuwata, ban taɓa ganin mai natsuwarsa ba. Ya sa aka sake sikanin, ya zauna ya daɗe yana duba hoton kamar babu kowa a layi. Ya tambayi sana'ar Baba, na ce yadi. Sai ya kama hannun rigarsa ya yi bayani da shi. Aikin Masar, in ji shi, kamar tsohuwar riga ce aka yi wa sabon shafi ta ciki ba tare da an farke ta ba, kuma aiki ne mai kyau, bai kushe wanda ya yi ba. Amma jijiya tana buɗewa da shekaru, shafin ya zame daga wuya, jini yana shiga tsakaninsa da tsohuwar rigar yana hura ta. Wani yoyon ƙarami ne, ana zuba masa ido kawai. Na Baba ba irin wannan ba ne. Da na juya maganar zuwa Hausa ina kallon ƙasa, na ga Baba yana gyaɗa kai, ya gane sarai.

Hanya biyu ce, in ji Modibbo. Wurin da ya zame yana dab da jijiyoyin ƙoda, don haka ɗinkakken bututu na kanti ba zai zauna ba. Ana iya aika awo a ɗinko wanda ya dace da Baba, mai ƙofofin ƙoda, a sake zura shi ta matsematsi ba tsaga, sai dai ɗinkin yana cin makonni. Ko kuwa a tsaga ciki a gyara da hannu, aiki mai nauyi ga dattijo. In babu ciwo, gara a jira ɗinkin. In akwai ciwon baya ko na ciki, to jijiyar tana shirin fashewa ne, ba a jira. Ran Baba ya rataya a kan wannan tambaya guda, kuma ta bakina za ta bi.

Ya ce Baba ya hau gado ya ɗaga riga. Baba ya tsaya ƙyam. Na gane, na tafi kusurwa na fuskanci bango, daga nan nake tafinta. Modibbo ya danna nan ya tambaya, in ce, "Wai akwai ciwo a nan?" Baba ya ce, "Jam," wato lafiya. Ya danna can, jam. Baya fa? Jam, lafiya lau. Ni kuwa na juya wa likita da murnata cewa babu ciwo ko kaɗan. Aka ɗauki awo, aka ce mu dawo bayan 'yan kwanaki a duba jini. Na kira gida na ce a yi sadaka, ba za a tsaga ba.

Ranar da muka koma, Modibbo bai kira mu ciki ba, shi ya fito ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda Baba zai tashi daga benci. Ni ban ga komai ba, don ban saba kallon Baba ba. Shi ya ga yadda ya tokare ƙugu da hannu, ya ga gumi a goshinsa a ɗakin da sanyi ke kaɗa ni. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ya zaunar da shi, ya ja ni gefe, ya tambaye ni a hankali ko mahaifina ya taɓa gaya mini wani abu na yi masa ciwo. Na buɗe baki zan ce i, sai na rasa ko sau ɗaya. Na ce masa gaskiya ko sunana ba ya kira, na yi masa bayanin 'yar fari, ina jiran ya yi dariya ko ya ce ƙauyanci ne.

Bai yi ba. Ya ce a ƙauyensu ma mahaifinsa bai taɓa ɗaukarsa a gaban kakansa ba. Ya ce tun ranar farko bai gamsu ba, don ya ji cikin Baba ya ɗaure a ƙarƙashin hannunsa lokacin da bakinsa ke cewa lafiya, shi ya sa bai bari mu yi nisa ba. Sannan ya ce, "Turancinki ba shi da laifi, amma ba ke ce za ki yi mini wannan aikin ba. Nemo mini namiji sa'ansa."

Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na baro 'ya'yana da ɗalibaina, na haye teku, ashe ni ce katangar. Amma ba lokacin fushi ba ne. Na sheƙa ɓangaren ƙoda na samu Malam Issaka zaune kusa da matarsa, ko gama bayani ban yi ba ya ɗauki hularsa. Turancinsa na tasha ne, rabi buroka, wanda da ɗalibina ne ya rubuta da na ja masa jan biro. Suka shiga su uku aka rufe ƙofa, ni ina kan benci ina jan carbi.

Da suka fito fuskar Malam Issaka ta canza. Ashe tun a jirgi bayan Baba ke ciwo, ciwo mai ratsawa har matsematsi, kwana biyun nan kuma ko barci ba ya yi. Gwiwarsa ƙalau take. Modibbo bai yi wa kowa faɗa ba. Ya ce ba za mu koma masauki ba, gobe da safe za a shiga tiyata, a tsaga. Ya zayyana haɗarin ɗaya bayan ɗaya bai rage ba: dole ya matse jijiyar a saman ƙoda na ɗan lokaci kafin ya ɗinka sabon bututu, ƙodar tana iya farfaɗowa, tana iya ƙi, zuciyar ma tana iya gazawa. Na tambaye shi in mahaifinsa ne zai yi? Ya ce zai yi, kuma da hannunsa zai so ya yi. Baba ya sa a gaya wa Modibbo ya yi bisimilla irin tasu, shi ya miƙa lamarinsa ga Allah. Da aka kwantar da Baba na shiga na tsaya daga ƙafar gado, raina a ɓace, na ce ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ya ja bargo ya rufe fuska.

Aikin ya ci wuni guda. Hajiya Memuna, wadda ita ma da ƙyar take tafiya, ta sa aka turo ta a keke ta zauna da ni, tana ta ba ni labarin surukanta don kada in yi tunani. Bayan la'asar Modibbo ya fito, koren ƙyalle a kan rawaninsa, idanunsa jajir. Ya ce bangon jijiyar ta baya ya yi siriri har ya fara tsatsar jini, da ba ta jira telan ba. Ya cire abin da ya zame, ya bar wanda ya kama jiki don kada ya yaga, ya ɗinka sabo a kai. Yanzu saura ƙoda. In fitsari ya zo, mun haye.

Ikon Allah, ni da ba a cin abinci a gabana, sai ga ni zaune ina gadin robar fitsarin Baba da aka rataye a gefen gado. Da ya farfaɗo ya ga inda idona yake, sai ya rufe nasa ya yi kamar barci, kuma haka ya riƙa yi duk lokacin da aka bar ni na shiga. Ranar farko ɗigo kaɗan, baƙi-baƙi. Modibbo yakan zo ya durƙusa da kansa ya ɗaga robar ya duba, babban likita guda, bai taɓa aiko wani ba. Bai ce mini kada in damu ba, sai dai ya ce mu ba ƙodar lokaci. A rana ta uku na shiga na tarar roba ta kusa rabi, ruwan fes. Wallahi guɗa ta kusa kuɓuce mini, na toshe baki da mayafi, nas-nas suna ta dariya. Baba yana nan kwance ido a rufe, amma na ga kunnensa ya yi ja.

Mun ƙara makonni kafin a sallame mu. Malam Issaka ya nemo mana ɗaki a ƙasa kusa da nasu. Kullum aka je duba ɗinki shi ke shiga, ni ina waje da jaka, na kuma daina jin haushi. A ganin ƙarshe Modibbo ya rubuta mana abin da likitocin gida za su riƙa dubawa, ya sa Baba ya yi alkawarin sikanin, ya kuma sa ya ambaci sunan mutum ɗaya a Yola da zai riƙa gaya wa ciwo. Baba ya ambaci limamin unguwarmu. Ya ciro shadda mai kyau da ya taho da ita ya ba Modibbo, shi kuma ya karɓa da hannu biyu ya ce za ta yi rawani. Har yau in na ji ana cewa likita, fuskar mutumin nan nake gani.

Malam Issaka ya raka mu filin jirgi. An zaunar da Baba a keken marasa lafiya, wani ma'aikaci ya tura shi gaba, mu muna baya. Na ce Malam, don Allah ranar nan da kuka daɗe a ɗaki, duk maganar ciwo ce? Ya ce amana ce, amma tunda Allah ya tashi kafaɗar Baba zai gaya mini ɗaya. Wai da Baba ya gama bayanin ciwon, sai ya kama hannunsa ya ce, in abin ya zo da ƙarar kwana, kada a bar yarinyar nan ta hau jirgi da gawa ita kaɗai. A binne shi a nan, ƙasa duk ta Allah ce. Ya kuma roƙe shi ya sa ido ya ga tana cin abinci, don tun da suka zo ba ta ci, sannan ya raka ta har ƙofar jirgi.

Ko godiyar kirki ban yi masa ba. Na bi bayan keken da sauri, na ce wa ma'aikacin ya bari, ni zan tura. Na kama hannun keken ina turawa, hawaye na zuba a kan mayafina, layin kuma ga tsawo. Baba yana jin shessheƙata sarai. Bai juyo ba, ni ma ban so ya juyo ba.